Yadda mai tsara shafukan intanet zai sami masu ba shi aiki a Kebbi, da yadda zai yanke farashi

Matasa da dama a Jihar Kebbi sun koyi tsara shafukan intanet a 'yan shekarun nan, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, wasu a jami'ar tarayya da ke Kalgo ko ta jiha da ke Aliero, wasu ta shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuwa da wayarsu da YouTube kawai suka koya. Abin da na lura da shi a tsawon lokacin da na yi ina wannan sana'a shi ne, hannun yaro yakan faɗa da wuri, amma ciniki ya daɗe bai faɗa masa ba. Za ka ga matashi ya iya manhajar gina shafuka ta WordPress ciki da bai, ya iya gyara hoto da tsara launi, sai dai ya yi wata huɗu bai karɓi ko sisi daga wannan ilimi ba, idan kuma Allah ya kawo mai aiki aka tambaye shi nawa zai yi, sai ya dubi rigar mai tambaya da motarsa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Waɗannan matsaloli biyu, wato rashin sanin inda masu aiki suke da rashin sanin abin da za a caje su, su ne suke sa mutane masu basira barin sana'ar, kuma abin yana damuna ƙwarai, domin dukansu suna da magani.

Wa yake buƙatar shafi a garuruwanmu

Kafin ka taka ƙafa zuwa ofishin kowa, ka zauna ka tambayi kanka: wane ne a garin nan yake asarar kuɗi ko daraja saboda ba a iya samunsa a intanet? Amsar wannan tambaya ita ce jerin mutanen da za ka nema. Makarantu masu zaman kansu suna kan gaba, domin iyaye, musamman ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi, sukan fara bincike a waya kafin su je su ga makaranta, kuma makarantar tana da buƙatun da suke maimaituwa kowane zango, kamar fom na shiga da duba sakamakon jarrabawa. Bayansu sai otal-otal da masaukan baƙi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana jawo baƙi daga nesa a duk shekarar da aka yi shi, kuma baƙon da zai taso daga Legas ko Abuja ba shi da wata hanyar sanin ɗakin da zai kwana face abin da ya gani a waya. Sai masu casar shinkafa, waɗanda suka yawaita tun bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamban 2015, domin dillalin da ke Kudu yana son ya ga injin da buhu da lambar rajista kafin ya tura miliyoyi ga mutumin da bai taɓa gani ba. Akwai kuma asibitoci masu zaman kansu da ɗakunan gwajin jini, da ƙungiyoyin sa-kai waɗanda masu ba da tallafi kan nemi adireshin shafinsu a takardar neman tallafi, da ƙananan kamfanonin kwangila.

Haka kuma wajibi ne ka san wanda ba ya buƙatar shafi, ka kuma faɗa masa gaskiya. Wata rana wani dillalin albasa a Aliero ya kira ni, ya ce ɗansa ya ba shi shawara a buɗe masa shafi kamar na manyan kamfanoni. Muka zauna a kan buhunan albasa a bakin rumbunsa, na tambaye shi su wa suke saye a hannunsa. Ya lissafa mini mutanensa na Onitsha da Legas da Fatakwal, dukansu ya san su shekara da shekaru, kuma ta kiran waya suke gama ciniki. Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, a yanzu shafi ba zai ƙara maka ko buhu ɗaya ba. Abin da zai amfane ka shi ne a gyara maka WhatsApp Business da hotunan kaya masu kyau, a kuma sa rumbun nan a taswirar Google, wanda kyauta ne." Na yi masa wannan a yini ɗaya, na karɓi ɗan abin da ya dace. Bayan wata biyu shi da kansa ya haɗa ni da surukinsa mai makaranta, ya ce masa ga yaron da ya ƙi cin kuɗinsa a banza. A ƙasarmu shaidar dattijo guda ta fi tallar wata shida a Facebook nauyi.

Abin da za ka riƙe a hannu, da ƙofar da za ka bi

Gani ya kori ji, saboda haka kada ka fita neman aiki sai kana da samfuri uku da suke aiki a intanet, waɗanda za a iya buɗewa nan take. Idan ba ka taɓa yi wa kowa ba, ka ƙirƙiri na gwaji: ɗaya na makaranta, ɗaya na masauki, ɗaya na kamfanin shinkafa, ka rubuta a jikinsu cewa samfuri ne, kada ka jingina su ga wani kamfani da bai ba ka aiki ba. Za ka iya kuma yi wa Islamiyyar unguwarku ko gidan marayu fi sabilillahi, ka nemi izinin nuna aikin. Wanda bai kamata ka yi wa kyauta ba shi ne mai hali da ya ce ka fara yi masa ya gani tukuna, domin wanda ya saba samun guminka a banza da wuya ya yarda ya saye shi daga baya.

Samfurin nan ka gwada shi a ƙaramar waya irin Tecno ko itel da mafi yawan mutane suke riƙewa, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi, ba a kwamfutarka kaɗai ba. Mafi yawan masu shiga intanet a Najeriya da waya suke shiga, kuma shafin da ya cika nauyin hotuna zai ci datar mutum ya kuma ƙi buɗewa a Kamba ko Bagudo. Idan akwai rubutun Hausa, ka duba da idonka cewa haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun fito daidai, domin akwai nau'o'in rubutu masu kyan gani da ba su ɗauke da su, sai ka ga wani ɗan akwati ya tsaya a madadin harafin. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi yake bambanta aikinka da na wanda aka ɗauko daga nesa.

Game da ƙofar shiga kuwa, zumunta a ƙafa take, haka ma wannan sana'a a Kebbi. Saƙon da ka tura ga baƙon lamba yawanci ba a amsa shi, amma idan wani da mai wurin ya yarda da shi ya riƙe hannunka ya kai ka, za a ba ka kujera. Mutanen da suka fi kowa sanin wanda ke shirin buɗe sabuwar harka su ne masu buga takardu da allunan talla, da masu ɗaukar hoto, da wakilan da ke yi wa mutane rajistar kamfani a hukumar CAC, da akantoci. Duk wanda ya zo a buga masa rasit da katin kasuwanci, ko ya yi sabuwar rajista, yana dab da buƙatar shafi. Ka je ka gaishe su, ka nuna musu aikinka, ku yi magana a fili a kan la'ada. Ni kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin nake bayarwa, kuma ina biya a ranar da kuɗin ya shigo, ba tare da an tuna mini ba, domin dillalin da aka ja wa rai sau ɗaya ba ya sake kawo kowa. Ga makarantu, ka nemi shugabannin reshen ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu, NAPPS, ka roƙi minti goma a taronsu ka nuna yadda uba zai duba sakamakon ɗansa a waya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Mai makaranta ana samunsa da magana a watannin Yuni da Yuli, lokacin da yake tunanin ɗaukar sababbin ɗalibai na Satumba, sannan kuɗi yana hannunsa a makonnin farko na zango. Mai shinkafa kuwa bayan kaka ko bayan girbin noman rani ake zuwa masa, mai masauki kuma watanni kafin biki, ba ana saura mako guda ba.

Idan ka samu shiga, kada ka fara da sunayen manhajoji. Na taɓa zama a ofishin wata Hajiya mai makarantar firamare da sakandare, a lokacin ina sabon shiga, na yi ta zuba bayani a kan saurin shafi da tsaronsa, tana saurarena cikin haƙuri, can sai wata uwa ta shigo tana ƙorafin cewa sau uku tana hawa babur daga bayan gari don karɓar sakamakon 'yarta ana ce mata ba a gama ba. Da matar ta fita, sai na ajiye bayanina na ce, "Hajiya, sau nawa ake irin wannan a zango?" Ta ce ai kullum ne a ƙarshen zango, har malamai ba sa samun sukunin aiki. A nan ciniki ya fara. Tun daga ranar na koyi cewa rabin zaman farko tambaya ce da sauraro: me yake ci miki lokaci, su wa kike so su same ki, wace tambaya ce aka fi yi miki a waya? Abin da aka amsa maka shi za ka mayar a matsayin aikin da za ka yi.

Dandalin neman aiki na ƙasashen waje irin su Fiverr da Upwork suna nan, kuma ana samu a cikinsu, sai dai gasa ce da dubban mutane daga Indiya da Pakistan da sauran duniya, Fiverr kuma yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya ka. Ka buɗe, ka gwada, amma kada ka jingina tukunyar gidanka a kansu a shekarar farko. Wanda ya fi kusa shi ne ɗan Kebbi mazaunin Abuja ko Kaduna da yake da harka a gida kuma yake son wanda zai iya zuwa wurin ya ɗauki hoto da kansa. Aikin gwamnati kuma yana buƙatar rajistar CAC da lambar haraji da takardar shaidar biyan haraji, adireshin shafin gwamnati mai ƙarewa da .gov.ng ma sai ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, biyan kuɗi kuma yakan ɗauki lokaci, don haka sai ka yi ƙarfi za ka tunkare shi.

Yanke farashi

A nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa, kuma dalilin shi ne muna fara lissafi daga aljihun mai aiki maimakon daga namu ɗawainiyar. Tela ya san kuɗin zare da hayar shago kafin ya faɗi kuɗin ɗinki, magini ya san jingarsa ta yini, amma mai tsara shafi yana ganin tunda ba siminti ya saya ba, duk abin da aka ba shi riba ce. Wannan kuskure ne babba. Ga yadda nake koya wa yarana lissafin, da alƙaluman misali waɗanda kowa zai musanya da nasa.

Ka fara da abin da gidanka yake ci a wata, abinci da haya da kuɗin makaranta da magani, a ce naira 240,000. Sai ɗawainiyar sana'ar kanta: data 25,000, wuta da man janareta ko gyaran sola 35,000, zirga-zirga 15,000. Kwamfutarka ma tana tsufa, idan ka saye ta 540,000 kuma kana sa ran ta yi maka shekara uku, wato wata 36, to kowane wata tana cin 15,000 ko ka ware ko ba ka ware ba. Ɗawainiyar sana'a ta zama 90,000, jimilla kuma 330,000. Yanzu sai tambaya mafi muhimmanci: kwana nawa a wata kake yin aikin da ake biya? Mai zaman kansa ba ya samun kwana 22 cur kamar ma'aikacin ofis, domin akwai ranakun yawon neman aiki, da na zaman jiran mai aiki, da na rashin wuta ko sabis, da na koyon sabon abu, da na biki da ta'aziyya. Idan ka samu kwana 12 na aikin kuɗi, ka yi ƙoƙari. Ka raba 330,000 gida 12, ka sami 27,500. Wannan ita ce jingarka ta yini, kuma duk aikin da ka karɓa a ƙasa da ita, daga aljihunka kake cika wa mai aikin.

Daga nan sai ka ƙiyasta kwanakin aiki da gaskiya. Shafin makaranta mai ɓangare shida, tare da zaman tattaunawa da ɗaukar hoto da gyare-gyare da koya wa sakatare yadda zai sa labari, a ce kwana takwas, wato 220,000. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar, 44,000, saboda aiki bai taɓa ƙarewa a ranar da aka zata ba, kuma sana'a tana buƙatar ribar da za ta girma da ita. Farashin ya tashi 264,000. Idan dillali ne ya kawo aikin, la'adarsa ma ta shiga lissafi tun kafin ka buɗe baki.

Wannan adadi shi ne ƙasan farashi. Samansa kuwa ya danganta da amfanin da aikin zai yi wa mai shi. Shafin da zai kawo wa kamfanin shinkafa mai sayen tirela guda ba daidai yake da shafin ƙaramin shagon ɗinki ba, ko da kwanakin aikin sun zo ɗaya, kuma babu zalunci a caji na farko fiye da na biyu matuƙar an faɗa a fili an kuma yarda, domin nauyin da ke wuyanka idan shafin ya tsaya ya fi girma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙara kuɗi don kawai an ga mutum bai san kan abin ba.

Kuɗin adireshin shafi, wanda 'yan sana'a suke kira domen, da kuɗin hayar mazauninsa, wato hostin, ka ware su daban a takarda, ka kuma bayyana cewa duk shekara ake sabunta su. Na sha wuya a kan wannan. A farkon 2023 na yi wa wani kamfani farashi dunƙule a naira, har da alkawarin riƙe masa shafi shekara biyu, alhali mazaunin da nake haya da dala ake biyansa. A lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500, ga kuma man fetur da ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka na cika alkawari, amma ribar aikin gaba ɗaya ta tafi a sabuntawa. Tun daga nan takardar farashina kwana 14 take aiki, kuma duk abin da ake saye da dala nakan rubuta cewa za a biya shi a farashin ranar saye. Ga yawancin masu aikinmu ma na fi ba da shawarar adireshi mai ƙarewa da .com.ng, ko .org.ng ga ƙungiyoyi, ko .sch.ng ga makarantun firamare da sakandare, waɗanda ƙungiyar NiRA take kula da su kuma ake biya da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Tsaron shafi kuwa, wanda wasu manhajojin shiga intanet suke nunawa da ɗan kwaɗo a gefen adireshi, ana samunsa kyauta ta wata hidima mai suna Let's Encrypt a mafi yawan mazaunai, saboda haka kada ka sayar wa mutum abin da kai ma kyauta ka same shi, sai dai ka caji aikin saka shi idan akwai.

Akwai abubuwan da suke ƙara kuɗi waɗanda sabon shiga yakan manta. Shafi mai harshe biyu, Hausa da Turanci, kusan aiki biyu ne a ɓangaren rubutu, idan kuma ɗan kasuwar kan iyaka ne mai hulɗa da Nijar ko Benin yana son Faransanci, to akwai kuɗin mai fassara. Rubuta bayanin kamfani aiki ne, zana tambari aiki ne, tafiya Yawuri ko Zuru ɗaukar hoto kuɗin mota ne da yini guda ko biyu. Karɓar kuɗi ta shafi ma aiki ne na daban, kuma ya kamata mai shi ya san cewa kamfanonin da ke wannan hidima suna cire nasu kaso: Paystack, alal misali, yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, ba ya kuma wuce naira 2,000 a ciniki ɗaya. Idan shafin zai tara sunayen ɗalibai ko bayanan marasa lafiya, to Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kansa, kuma kulawar da hakan yake buƙata tana da farashinta.

Mutanenmu ba sa saye sai sun taya, kuma wannan ba raini ba ne, al'adar kasuwa ce. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce in kawo farashi hawa uku a takarda ɗaya: ƙarami mai shafi guda da lambar waya da taswira, matsakaici mai cikakken bayani da hotuna da fom, da babba mai duba sakamako ko karɓar kuɗi. Da haka maganar takan tashi daga "rage mini" ta koma "wanne ya dace da ni". Idan Alhaji ya ce, "Yaro, wannan kuɗi ya yi yawa, rage muna," sai ka amsa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, za a iya ragewa, sai mu cire ɓangaren Turanci da ɗaukar hoto a wannan karo, in ya so a ƙara su bayan sallah." Duk ragin kuɗi ya tafi tare da ragin aiki. Idan ka rage rabin kuɗi aikin yana nan yadda yake, ka nuna masa ke nan cewa farashin farko ba gaskiya ba ne, kuma gobe daga rabi zai fara tayi. Idan tayin ya faɗi ƙasa da jingarka ta yini, ka ce albarka kamar yadda kowane ɗan kasuwa yake cewa, ku rabu da mutunci. Za a ce maka akwai wanda zai yi a naira 30,000, kuma gaskiya ne akwai shi. Araha ba ta ado, kuma da yawa daga masu aikina na yau sun fara zuwa can ne, suka dawo bayan shafin ya ɓace wanda ya yi shi kuma ya daina ɗaukar waya. 'Yan uwa da abokai kuwa, ka rubuta musu cikakken farashi sannan ka rubuta ragin da ka yi musu a ƙasansa, don su san girman alherin, kada kuma su yaɗa farashin zumunci a matsayin farashinka.

Rubutu, kafin alƙalami da amana

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali, saboda haka babu dattijon da zai ga rashin kunyarka don ka kawo takarda, musamman idan ka gabatar da ita a matsayin kariya gare shi. Shafi ɗaya ya isa. A rubuta abin da za a yi ɓangare-ɓangare, da ranar gamawa, da cewa kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga ranar da mai aiki ya kawo hotuna da bayanai, domin jinkirin da ya fi yawa daga nan yake fitowa. A rubuta cewa gyara zagaye biyu ne a cikin farashi, abin da ya wuce haka ana biyansa da jingar yini. A rubuta sunan mutum ɗaya da zai riƙa amincewa da aiki, don kada shugaba ya ce kore, ɗansa ya ce shuɗi, akanta ya ce a sake gaba ɗaya.

Kada ka taɓa kwamfuta sai an biya kafin alƙalami. Ni rabi nake karɓa a farko, kashi 30 idan na nuna aikin a adireshin gwaji, sauran kashi 20 kafin in ɗora shi a adireshinsa na gaskiya. Aikin 'yan takara a lokacin zaɓe kuwa a biya shi duka tun farko, domin bayan zaɓe ofishin yaƙin neman zaɓen ma rufe shi ake yi. Kuɗin ya shiga asusun sana'a mai sunan da ka yi wa rajista, ka kuma ba da rasit ko ba a nema ba.

Abu na ƙarshe a yarjejeniyar shi ne wanda na fi ɗauka da nauyi. Adireshin shafi mallakar mai aiki ne, don haka a yi rajistarsa da sunansa da imel ɗinsa, a kuma damƙa masa dukkan kalmomin sirri a rubuce ranar da ya gama biya. Wasu 'yan sana'a suna riƙe adireshi da sunansu don su ɗaure mai aiki, kuma wannan cin amana ne da yake ɓata sunanmu gaba ɗaya. Hanyar halal ta riƙe mai aiki ita ce yarjejeniyar kulawa ta shekara: sabunta WordPress da ƙananan manhajojin da ke kansa, ajiye kwafin shafi kowane mako, saka sababbin hotuna da sanarwa sau biyu a wata, da amsa kira idan wani abu ya lalace. Ka ƙiyasta kwanakin da wannan zai ci a shekara, a ce kwana huɗu, ka ninka da jingarka, ya zama 110,000 a misalinmu. Masu aiki goma a kan wannan tsari sun ba ka 1,100,000 a shekara, wato ɗawainiyar sana'arka ta wata 12 ta fita har da ragowa, tun kafin sabon aiki ya shigo.

Ka buɗe littafi, ko jadawali a kwamfuta, mai ɗauke da ranar ƙarewar kowane adireshi da kowane mazauni, ka kira mai shi saura kwana 30, ka sake kira saura mako guda, domin adireshin da ya ƙare aka bar shi yakan shiga lokacin fansa mai tsada, daga nan kuma wani yana iya saye shi. Wannan kiran shi ne kuma lokacin da ya fi dacewa ka sanar da ƙarin kuɗin kulawa idan ɗawainiya ta tashi, ka faɗi dalili, ka ba da wa'adin wata guda, sannan ka tambayi Alhaji ko Hajiya ko akwai wani a cikin abokan harkarsu da yake buƙatar irin wannan aiki.